Teburin Da Ba Ya Rawa: Aikin Kafinta Ga Maharbin Kudancin Kano

Daga Kwanar Dangora har zuwa Riruwai, da wuya ka shiga garin da babu kafinta. Ka ba shi kwana biyu zai fitar maka da gadon amarya, ko bencin Islamiyya, ko teburin mai shayi. Amma ka ce masa teburin aiki kake so, wanda za a ɗaure wa ƙarfen matsi a gefe a dinga danna shi da ƙarfin ƙato safe da yamma, sai ya ɗauko awon teburin mai shayin nan ya ƙara masa ƙusa goma. Kafin damina ta zagayo tebur ya fara rawa, mai shi yana tura masa dutse a ƙarƙashin ƙafa yana zagin katako.

Katako ba shi da laifi. Yawancin teburanmu an yi su ne don a ɗora musu kaya su zauna shiru. Teburin aiki kuwa kokawa ake yi da shi: a danna, a ja, a murɗa, a buga. Saboda haka ba daga katako ake fara shi ba. Ana farawa ne da tambayar wane irin ƙarfi zai sha, ta wane ɓangare, kuma a wane ɗaki zai zauna. Na koyar da aikin katako a makaranta, yanzu kuma ina da ɗan shagona a jikin zauren gidana a Bebeji. Teburin da ya fi sa ni yin wannan tambayar da kyau shi ne wanda na yi wa wani dattijo maharbi daga ƙasar Doguwa.

Abin da ke cikin wayar yaron

Ɗansa ne ya kawo maganar. Ya miƙo mini waya ya ce, "Malam, irin wannan nake so a yi wa Baba." A cikin bidiyon wani Ba'amurke ne a ɗakin ajiye motarsa, gabansa tebur mai kauri, an ɗaure masa wani inji mai dogon hannu a gefe, sama kuma kantoci ne jere da akwatuna, kowanne da rubutu a jikinsa.

A Amurka akwai maharba da masu wasan harbi da ba sa yar da kwanson harsashi bayan sun harba. Tattara shi suke yi su sake cika shi a gida, domin kwanson tagulla ne, shi ne kuma ya fi tsada a jikin harsashin. Doka ta yarje musu, har akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su RCBS da aka kafa a jihar Kalifoniya a 1943. Injin nasu da hannu ake danna shi, kuma dogon hannun nan yana ninka ƙarfin mutum sau da yawa. Duk ƙarfin a wuri ɗaya yake sauka, wato bakin tebur. Idan an danna ƙasa, gaban tebur ya nutse, bayansa ya nemi ɗagawa. Idan an ɗago hannun, sai abin ya juya. Shi ya sa suke gina teburin kamar ba za a taɓa matsar da shi ba.

Na mayar wa yaron wayarsa na ce tebur zan yi, amma ya cire injin daga ransa. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai irin su bindigar farauta mai harsashi, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Akwai kuma bindigogin da ake ɗurawa ta baki, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. Ƙera harsashi ko haɗa shi ba tare da izinin hukuma ba laifi ne mai kai mutum gidan yari. Aikin nan na ma'aikata ne irin DICON ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ba na zauren kowa ba. Abin da za mu ɗauka daga wurin Ba'amurken nan shi ne ƙarfin teburinsa da tsarin ajiyarsa, kuma su biyun ne dama muka fi rashi.

Me maharbi zai yi da tebur?

Bindigar ɗuri ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarki na farko da ya ajiye dakarun tsaro masu bindiga. Har gobe idan aka fito hawan Sallah ƙarar bindigogin fada ce ke sanar da gari cewa Sarki ya hau. A ƙauyukan Tudun Wada da Doguwa kuwa harba-ka-ruga kayan aiki ce. Da ita ake korar birai da gadu daga gonar masara, ita ce kuma a kafaɗar yawancin 'yan sintirin da ke kwana a bakin gari.

Dattijon nan yana da takardarsa, kuma sai da na gan ta kafin na taɓa zarto. Da na tambaye shi inda yake gyaran kayansa, dariya ya yi.

"A kan tabarma mana, Malam. Inda ubana ya yi."

"To Baba, albarushin fa, ina yake kwana?"

"A ƙarƙashin gado, cikin gwangwani."

Ƙarƙashin gadon nan kuwa a ɗakin da jikoki ke shiga su fita yake, ɗakin da ake shigar da kaskon wuta lokacin hunturu. Da na ji haka na san tebur rabin aikin ne. Ɗaya rabin kabad ne mai kwado.

Abin da maharbi ke yi a kan tebur ba shi da yawa, amma kowanne yana son wuri mai tsayawa cak. Zai wanke bututun bindiga ya shafa masa mai, domin toka da hayaƙin albarushi suna jawo laima, su ci ƙarfe cikin 'yan kwanaki. Zai gyara ƙota idan ta tsage ko ta saki. Zai wasa wuƙa da adda, ya ɗinke jaka da warki, ya gyara fitilar goshi. Yawancin wannan yana bukatar ƙarfen matsi da zai riƙe abu ya bar wa mutum hannuwansa biyu. Kuma da zarar ka ɗaura ƙarfen matsi a gefen tebur, ka shiga matsalar da Ba'amurken nan ya shiga.

Ba maharbi kaɗai ke bukatar irin wannan ba. Mai gyaran injin ban ruwa a bakin Tiga, da mai gyaran injin casar shinkafa a Tudun Wada, da bakaniken babur a Kiru, duk tebur ɗaya ne zai yi musu. Kabad ɗin ne kawai zai bambanta.

Katako: nauyi da bushewa

Kowace mace ta san ba a daka a turmi marar nauyin gindi, domin rabin ƙarfinta zai tafi wajen bin turmin a tsakar gida. Haka teburin aiki yake. Nauyinsa ne ke shanye bugu. Wani kafinta Bafaranshe, André Roubo, ya zana teburin kafintocin zamaninsa a 1769: katako guda mai kauri a kan ƙafafu huɗu manya, babu wani ado. Har yau masu sana'ar a Turai da Amurka suna kwaikwayon wannan zanen, don babu abin da za a ƙara masa.

Idan ka je 'Yan Katako a Na'ibawa ko ta Rijiyar Lemo a Kano, za a tambaye ka fari kake so ko ja. Farin katako irin obeci, wanda ake kawowa daga kudu, yana da sauƙin yanka da sauƙin kuɗi, amma ba shi da nauyi. Mita ɗaya ta kowane gefe ba ta cika kilo 400 ba. Iroko yana kai wajen kilo 650, maɗacinmu na nan arewa kuma ya ɗara haka. Ka lissafa da kanka. Saman tebur mai tsawon santimita 150, faɗin 60, kaurin 8, idan obeci ne bai kai kilo 30 ba. Idan maɗaci ne ya haura 50. Ga shi obeci yana da taushi, noti yana nutsewa a cikinsa, ƙwari kuma suna son sa. Araha ba ta ado. Ka bar farin katako ga kantoci da bayan kabad.

Itatuwan yankinmu kowanne da halinsa. Maɗaci yana karɓar zarto da gam, ya yi kyau idan an goge shi, shi na fi so a saman tebur. Ƙirya ta fi kowa tauri, shi ya sa ake taɓarya da ita, maƙera kuma ke neman gawayinta. Tana dakusar da zarto, amma ƙafar tebur ta ƙirya gara ba ta cika kusantarta ba. Kawo yana da nauyi, ba ya yawan motsi idan yanayi ya sauya. Doka, wadda ta cika dazuzzukan kudancin Kano, tana yin ƙafa da sanduna idan ta bushe sosai, sai dai tana son a shafa mata maganin ƙwari. Darbejiya da turare, waɗanda ake samu a bakin hanya da gonaki, suna yi idan babu wani, amma turare yana tsagewa da murɗewa in aka gaggauta shi.

Akwai katakon da ba na karɓa ko kyauta ne. Dajin Falgore, wanda hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa, keɓaɓɓe ne tun zamanin Turawa. Sare itace da farauta a cikinsa duk haramun ne a doka. Madobiya kuwa an yi mata ɗibar karan mahaukaciya zuwa ƙasar Sin, har a 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta taƙaita cinikinsu. Idan mutum ya zo maka da gungume da daddare a bayan Kanta, ka san daga inda ya fito. Katako mafi kyau da na taɓa samu ma ba daga daji ya zo ba. Tsofaffin sandunan rufi ne na wani gini da aka rushe, sun shekara da shekaru suna bushewa, babu sauran motsi a jikinsu.

Bushewar nan ita ce inda aka fi faɗuwa. Katakon kasuwa, musamman wanda ya taso daga kudu a bayan tirela, da ruwansa yake zuwa. Katako kuma ba ya raguwa ta tsawo sai kaɗan, ta faɗi da kauri yake tsukewa. Ka haɗa shi ɗanye a watan Satumba, zuwa Janairu iskar hunturu ta zuƙe shi, sai ka ga rata tsakanin falankai, haɗin ƙafa ya saki. Dabarar ba ta da wuya. Ka sayi katako da zarar ruwa ya ɗauke. Ka jera shi a inuwa, sama da ƙasa, da 'yan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, ka danne saman da bulo. Kada ka shanya shi a rana, fashewa zai yi. Ka bar hunturu ya yi maka aikin, ka fara yanka wajen Fabrairu.

Awo da haɗi

Tsayin tebur daga jikin mai shi ake ɗaukarsa. Na sa dattijon ya tsaya da takalmin da ya saba sawa, ya saki hannu, na auna daga ƙasa zuwa wuyan hannunsa. Wannan shi ne tsayin da ya dace da aikin da ake dannawa da nauyin jiki. Aikin da ido ke bi, irin wanke ƙananan ƙarafa, yana son a ɗan ɗara haka. Ga yawancin mazanmu abin yana faɗawa tsakanin santimita 85 da 90. Faɗi kuwa kada ya wuce 60, wato ƙafa biyu. Duk abin da ya wuce inda hannu zai kai ba tare da an sunkuya ba, matattarar tarkace zai zama. Tsawo ƙafa biyar ya isa, kuma zai shiga ƙofar zaure.

Samun katako guda mai kaurin inci uku da faɗin ƙafa biyu ya zama tarihi, don haka haɗawa ake yi. Ka sami tubaifo, ka kai wa masu inji su goge fuskokinsa, ka yanka ƙafa biyar-biyar, ka tsayar da su a kan gefensu, kafaɗa da kafaɗa. Tubaifo mai ƙafa 12 yana ba da biyu, don haka guda bakwai za su rufe saman. Wajen jerawa ka duba zoben da ke bakin kowane yanki, ka dinga juya su, ɗaya ya kalli dama na kusa da shi ya kalli hagu, yadda in ɗaya ya so lanƙwashewa ɗan'uwansa zai riƙe shi. A shafa farin gam irin Top Bond a fuska biyu, a matse. Wanda ba shi da ƙarafan matsewa da yawa, ga abin da nake yi: in huda dukan sandunan a wuri uku, in zura dogon rodi mai zare, in sa washa da noti a kowane baki, in ɗaure da sifana har gam ya tsatso. Rodin nan a ciki zai zauna har abada, kuma duk lokacin da katako ya tsuke, juyi biyu na sifana ya mayar da shi.

Ƙafafu su zama inci huɗu ta kowane gefe, ko tubaifo biyu a manne. A nan ne ƙusa ke yaudarar mutane. Ƙusa tana riƙe abin da ke danna ta ƙasa, amma ba ta jure girgiza. Kowace jijjiga tana faɗaɗa raminta kaɗan, har ranar da za ka zare ta da yatsa. Haɗin da ke jurewa shi ne a fafe rami a jikin ƙafa, a sassaƙa wa sandar gicciye harshe daidai ramin, ya shiga da bugun guduma ba da tura hannu ba. Kaurin harshen ya zama kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurin sandar. Bayan gam, sai a huda ta gefe a buga ƙusar itace ta ƙirya ko ta marke. Akwai wata 'yar dabara a nan da tsofaffin kafintoci suka sani. Hujin da ke jikin harshen a matsar da shi kamar milimita biyu zuwa wajen kafaɗarsa, kada ya yi daidai da na ƙafar. Idan ƙusar itacen ta shiga, da kanta za ta jawo haɗin ya rufe ruf, kuma ko gam ya mutu ba zai saki ba.

Sandunan gicciye biyu ake yi, na sama da na ƙasa. Na ƙasan su ne ke hana ƙafafu buɗewa, a kansu kuma kanta za ta zauna. A bayan tebur na buga filawud mai kauri daga sama har ƙasa. Ba don kyau ba ne. Firam mai kusurwa huɗu yana iya karkacewa gefe, amma da zarar an rufe bayansa da allo guda, ya daina.

Ƙarfen matsi kuma a kan ƙafa ake ɗaura shi, ko dab da ita, ba a tsakiyar tebur ba, don ƙarfin ya bi ƙafar ya sauka ƙasa. Saman tebur kada ya zarce firam da fiye da santimita biyar a wurin. A huda har ƙasa a sa noti, da faffaɗan ƙarfe a ƙarƙashi wanda zai raba nauyin. Sukuru ba ya wannan aikin. Idan mai tebur bahago ne, a tambaye shi kafin a huda.

Bango da daɓe

Ba'amurke yana ɗaure teburinsa a jikin bango ya huta. Mu sai mun duba wane bango ne. Bangon ƙasa ba ya riƙe noti, zai yi ta zubar da gari har ramin ya zama taga. Bulo mai rami ma, in siminti bai ishe shi ba, marmashewa yake. Ɗakin dattijon na ƙasa ne, don haka nauyi muka ƙara maimakon ɗauri. Buhu biyu na yashi a kan kantar ƙasa, can ta baya, inda tebur ke son ɗagawa. Mai ginin bulo mai kyau yana iya buga katako a bango da dogayen noti, ya ɗaure teburin a jikinsa.

Daɓenmu ba ya cika zama daidai ba. Kada a rage ƙafar tebur don ta dace da rami, domin ranar da aka matsar da shi ya zama gurgu. A sa siririn katako a ƙarƙashin ƙafar da ta gaza, a manne shi. Kuma kada ƙafa ta taɓa ƙasa kai tsaye. Doguwa ta fi ko'ina a jihar Kano samun ruwan sama, laima tana hawa ta daɓe, gara na biye da ita. Gutsuren tayil a ƙarƙashin kowace ƙafa, da Solignum ko baƙin mai a gindinta, sun isa. A bar tazarar yatsa biyu tsakanin tebur da bangon ƙasa, a dinga leƙawa, don gara ta baya take zuwa.

Kabad, wuta da darma

Yaron ya so a kafa teburin a shagon da yake ɗan taɓa aikin katako a gidansu, tunda akwai wuri. Na ce a'a. A shagon kafinta ake ƙera shi, amma ba a can zai zauna ba. Shagon katako cike yake da garin zarto da ɓawon katako da fenti da tina, ga injin wasa ƙarfe mai feshin tartsatsi, ga janareta da jarkar fetur a lungu. Albarushin gargajiya kuwa tartsatsi ɗaya yake jira. Muka zaɓi wani ɗan ɗaki a gefen zaure, nesa da madafa, mai taga ta gefen hagu don haske ya faɗo a kan aiki ba tare da inuwar hannu ta tare shi ba. Fitila ta sola ce. Babu kyandir, babu aci-balbal, babu kaskon wuta, babu taba.

Kabad biyu na yi, kowanne da kwadonsa daban. Dogo na bindiga, ƙarami na albarushi, kuma ƙaramin ba a jikin tebur yake ba, can ɗaya kusurwar aka kafa shi. Mutane da yawa suna ganin akwatin ƙarfe ya fi tsaro. Ga albarushi ba haka ba ne. Ƙarfe yana ɗaukar zafi nan da nan idan gobara ta tashi, kuma idan abin da ke ciki ya kama, akwatin da ya rufe gam shi ne zai tarwatse ya zama makami. Katako mai kauri yana jinkirta zafi, kuma yana buɗewa ya ba da hanya. Ƙa'idojin kiyaye gobara na Amurka ma akwatin katako mai kaurin inci ɗaya suka ce a yi. Na yi nawa da falankin maɗaci, na ɓoye kan kowace ƙusa a ciki don kada ƙarfe ya gogi ƙarfe. Abin da za a ajiye kuma ya zama kaɗan, gwargwadon bukata.

Inda muka ɗan ja da dattijon shi ne maganar ajiye bindiga da ɗuri. Bindigar da ake ɗurawa ta baki tana da wahalar saukewa, don haka maharba da yawa suna dawowa daga daji su jingine ta yadda take. Ya ce, "Malam, ɓarawo ba ya jiran ka ɗura." Na ce, "Gaskiya ne Baba, amma jikanka ma ba ya tambaya kafin ya taɓa." Kowa a karkara ya taɓa jin labarin bindigar da ta tashi a hannun yaro. Muka tsaya a kan cewa duk bindigar da za ta shiga kabad ɗin nan babu komai a cikinta, makulli kuma a jikinsa zai dinga kwana, ba a saman ƙofa ba.

Saura darma. Ƙwayoyin da ake harbawa sau da yawa na darma ne, kuma gubarta ba ta da wari ko ɗanɗano. A 2010 yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, saboda ƙurar darma daga duwatsun zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje. Ƙananan yara ta fi kamawa, domin komai suka taɓa baki yake zuwa, wanda ya tsira kuma tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har girmansa. Saboda haka na rufe saman teburin da mai na goge shi sumul, yadda za a share shi da jiƙaƙƙen tsumma, ba da tsintsiya mai tayar da ƙura ba. Na kuma yi masa ɗan baki ta baya da gefe don kada ƙwaya ta gangara ƙasa yaro ya tsinta. Ba a cin abinci a kansa, ba a ɗora kwanon fura, kuma in an tashi a wanke hannu da sabulu kafin a ɗauki goro.

Kantoci na sama ba su wuce faɗin tafin hannu ba, don komai ya tsaya a layi ɗaya, kada wani abu ya ɓuya a bayan wani. Durowa biyu marasa zurfi na ƙananan kaya. Gwangwanin mai, tsumma, sandar wanke bututu, dutsen wasa wuƙa, kowanne da mazauninsa, yadda in ɗaya ya ɓace ido zai gane nan take.

Ga 'yan'uwana kafintoci

Irin wannan aiki yana cin tubaifo goma sha biyu zuwa sha uku, da filawud guda, da rodi uku, da gam, ban da kabad. Kuɗinsa zai ninka na teburin mai shayi, kuma mai saye zai yi ƙorafi. Ka kai shi ya ga wanda ka riga ka yi, ka ce ya kama gefe ya jijjiga da iya ƙarfinsa. Wannan ya fi dogon bayani.

Idan maharbi ne ya zo, ka nemi ganin takardarsa, kuma ka san iyakar sana'arka. Tebur da kabad aikinka ne. Wanda ya ce ka yi masa wurin haɗa harsashi, ko ka sassaƙa ƙota ga bindigar da ba a san asalinta ba, ka ba shi haƙuri ya tafi. A yanayin tsaron da ake ciki, kafintan da ya rufe ido ya karɓi kuɗi yana iya tsintar kansa yana bayani a ofishin 'yan sanda, ko kuma abin da ya ƙera ya dawo ƙauyensu a hannun wani.

Kuma kada ka ɗauka aiki ya ƙare ranar da aka ɗora tebur a mota. Katakon da ya bushe a Bebeji zai sha laimar Doguwa ya kumbura a watan Agusta, ya sake tsukewa a Janairu. Ka gaya wa mai shi ya nemi sifana mai lamba daidai da notinsa ya rataye ta a jikin tebur. Bayan hunturun farko ya bi rodi uku da notin ƙarfen matsi ya ɗaure su, ya leƙa gindin ƙafafu ko gara ta fara gini, ya sake shafa mai a sama. In ya yi haka sau ɗaya a shekara, magada ne za su yi gardamar wanda zai ɗauki teburin.